Gulbi a Kan Tebur

Baba ya zo Birnin Kebbi a duba masa ido,
likita ya ce sai jibi.
Da zaman benci ya ishe shi, ya biyo ni wurin aiki
da kwandon banda daga Yauri, tsarabar jikoki.
Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin gwaji
kamar mai shiga masallaci.

"Kulu, wanga ƙarhe mi yaka yi?"

Na ce, Baba, gulbi ne aka ɗaure a kan tebur.
Kwalaben can na sama su ne mafari:
tataccen ruwa a ɗaya, metanol a ɗaya,
sauran biyun yau hutu suke.
Kafin su gangaro, ƙaramin akwatin nan
yana zare musu iska,
don kumfa ɗaya tak
ta isa ta sa na'ura shaidar zur.

Ga famfo. Kasa kunne.
Ba ya gaggawa, ba ya nawa.
Gulbinka ya cika yau, ya rame gobe,
wannan kuwa mililita ɗaya duk minti,
ko Malam Nomau ya tashi da fushi,
ko albashi ya kwana a hanya.
Sai fa in an ɗauke wuta,
sannan ni da shi mu yi tagumi muna jiran janareto.

Don in nuna masa, na ɓalli tsoka daga kifinsa,
na daka, na jiƙa, na tace, na sake tacewa.
Ya yi dariya: "Tarwaɗa guda kin maishe ta hawaye."
Allura ta sunkuya, ta tsotsi abin da bai kai ɗigo ba,
ta sake shi cikin igiyar ruwa
yadda ake ture jirgi daga gaɓa.

Sai sandar nan, tsawonta taƙi ɗaya,
kuɗinta ya sayi taru uku har da canji.
Tana kwance a ɗakin ɗumi, da ɗan gadi a bakinta.
Cikinta yashi ne da ya fi garin alabo laushi,
an danƙare shi, ruwa na kutsawa da ƙyar.
Duk abin da ya shiga tare ba ya fita tare:
mai dangi a yashi ya tsaya gaisuwa,
wanda ruwa ne abokinsa ya wuce abinsa.

Ya ɗaga mini hannu.
"Wannan na sani tun ba a haihe ki ba.
In ambaliya ta janye, tsakuwa ka hwara zama,
sannan yashi. Laka sai can baya."

A ƙarshen hanya akwai ido:
fitila mai hasken da mutum ba ya gani,
tana leƙen ruwa ta tagar da ba ta fi ƙwayar gero ba.
Wanda ya gitta sai ya yi inuwa,
kwamfuta ta zana masa tudu, ta rubuta lokacin wucewarsa.

Muka zauna.
Layi kwance, kamar ruwa da asuba.
Minti biyu, 'yan tuddai: kitse, hayaƙi, kifi da halinsa.
Minti bakwai da rabi
layi ya miƙe tsaye kamar giginya.
Na san wurin.
Jiya na ba na'urar fiya-fiya tsantsa,
a nan ta tsaya, daidai nan.

Idonsa mai yana bai kai ga allo ba,
amma shirun da na yi ya ji shi sarai.
"Ƙwari na cinye muna jari, Kulu.
Kowa na yayyahwawa. Ɗan kaɗan ne."

Famfo bai daina ba.

Can ya nuna kwalbar ƙarƙashin tebur da sandarsa.
"Wagga hwa?"
Na ce nan komai yake ƙarewa, mai laifi da marar laifi.
"Ba ta komawa gulbi?"
Na ce a'a.

Ya ɗaure bakin kwando da igiya, ƙulli biyu,
bai bar ni na ɗauka masa ba.
Daren nan yara suka tambayi kifin Kaka.
Miyar kuka muka sha, lami,
kuma shi ya fara cewa ta yi daɗi.